Famfon Man Motar Marigayi

Da surukinsa, mijin 'yarsa, ya zaro wani ƙarfe daga cikin buhu, mai garejin bai tsaya amsa gaisuwa ba. Ya fizge shi ya ɗora kan benci.

Tun rasuwar mahaifinsa motar marigayin ke kwance a kusurwar garejin. Irin motocin da ce, babu kafireta, babu kwamfuta, sai wani famfo mai tura mai cikin inji ta siraran bututai. Famfon kuwa ya ɓata. Ƙannensa sun ce in bai tayar da ita ba kafin ƙarshen wata, za su kira masu sayen ƙarafa su yanyanka ta. Saboda haka ba wanda bai roƙa ya taya shi cigiya ba, har wannan surukin nasa, direban asibiti, da ko taya bai iya canzawa ba.

Mai garejin ya juya abin, ya ja tsaki. Ƙazanta kai ka ce daga kwata aka tsamo shi. Wani jan datti ya daskare a bakin kowane bututu, ga wari mai hawa kai, har da sa hawaye. Babu tambarin kamfani, babu lamba. Bututan ma na roba ne, nozul ɗin, wato kawunan bututan, sun yi tsawo da tsini fiye da yadda ya sani.

"Baba, dama..." in ji surukin, kansa a sunkuye.

"Dama me? Kai dai tsaya ka ga aiki."

Surukin ya haɗiye maganarsa, don ba a yi shi da katse uban matarsa ba.

Abin da ke ba mai garejin haushi da kanikawan zamani ke nan: kowa da safar hannu kamar mai karɓar haihuwa, in na'ura ba ta faɗa musu ba, ba su san komai ba. Shi da harshe ya koyi aiki. Da ɗanɗano yake raba fetur da gas, da numfashi yake gane bututun da ya toshe.

Ya kafa baki a bututun farko ya hura. Shiru. Ya zuƙa da ƙarfi, sai ga wani guntun abu mai yauƙi ya faɗo masa a harshe. Ɗaci, gishiri-gishiri, da wani bauri da bai taɓa ji a man mota ba. Ya tofar, ya tsine wa duk wanda ya bar kayan arziki ya lalace haka. Amma da ya tuna da motar, sai ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya har duk suka buɗe.

"Ya tashi!" Ya goge baki da bayan hannu. "Wanda ya mallake shi dai ƙazami ne na ƙarshe. Jikin wace mota aka ciro shi?"

Surukin ya dubi ƙofa. Ya dubi bakin uban matarsa.

"Wallahi Baba, ba don motar na kawo ba, gyara aka ce in kawo maka. Na ɗakin ajiye gawa ne, da shi suke zuƙe ruwan cikin mamata."