Baƙin Furen Desmond

Noelene ta sake leƙawa ta katanga. Baƙin furen ayiris na maƙwabcinta Desmond, wanda ya ci gasar furanni ta garin Ballarat bana, ya hana ta sakat. Duk cikin furannin da ta tara babu irinsa.

"Haba Des, ko 'yar saiwa ɗaya ka sam min mana!"

Ta kai masa kek, ta yanke masa ciyawa. Da lokacin raba saiwa ya yi, ya miƙo mata guda.

"Wai ina ka samo shi, tsohon marowaci?"

Ya yi dariya. "Saiwar nan rana take so. Wata ce ta binne ta kamar gawa, da ta ƙi fure ta cillo min ita ta katangar nan. Ungo kayanki."