Takardar Bayan Ƙofa

Ƙarfe bakwai koko da ƙosai. Ƙarfe takwas ƙwayoyi biyu. Bayan azahar a kwanta. Kada a wuce masallaci, kada a hau okada. Haka takardar ta ce. Da ajami aka rubuta ta, aka manna a bayan ƙofar Alhaji Labaran, kuma 'yarsa Khaulat ba ta yarda a tsallake ko layi ɗaya.

Abin yana ci masa rai. Mutumin da ya shekara arba'in yana fataucin goro daga unguwar Sabo a Kudu, wanda in ya ji kasuwa ta motsa a Arewa sai ya bar shayi a kofi ya bi mota, yau shi takarda ke juyawa kamar waina a tanda. In ya tambayi wanda ya rubuta, sai Khaulat ta ce ya sha magani tukuna. Jiya ma ya tambaya, ko shekaranjiya ce, oho.

Ran Laraba tana wanki ya ɓalle takardar, ya cusa a aljihu, ya sulale. Kano zai tafi, ba jaka ba sallama, yadda ya saba.

Mai keken da ya tara bai jira ya yi magana ba. "Tashar Ojoo ko, Baba?" in ji shi. Suna tafiya yana ta latsa waya.

A tasha 'yan kamasho suna ta kiran garuruwa. Alhaji ya tsaya tsakiyar motoci, ya nemi sunan garin da za shi ya rasa. Ya nemi hanyar gida, ita ma babu. Tsoro ya kama shi, ya tsuguna a gindin wata mota.

Nan Khaulat ta same shi, zaninta jiƙe da ruwan wanki; mai keken ne ya tura mata saƙo. Ya zaro takardar daga aljihu.

"Wane azzalumi ne ya ɗaure ni da wannan?"

"Baba, ni boko na yi, ban iya ajami ba. Haddace ta na yi. Juya bayanta ka gani."

Ya juya, ya karanta a hankali.

"Likita ya ce mantuwar nan ƙaruwa za ta yi. Na san halinka, za ka gudu Ojoo. Wadda ta zo ɗaukarka ka bi ta gida ko ba ka gane ta ba, 'yarka ce. Ni Labaran na rubuta maka, tun ina tuna komai."