Makarantar da Ta Fi Nisa da Gida

"Ibu, don Allah ki soya tempenki na waken soya kawai, ki manta ina nan," Galih ya ce wa mahaifiyarsa, ido a kan kyamara.

"In manta da kai, ka sa taga a bayana? Fuskata baƙi ƙirin za ta fito. Koma can wajen firij."

Abin haushin, gaskiya ta faɗa. Ya koma wajen firij yana ƙunƙuni.

Galih digiri na biyu yake nema a harkar fim, makarantu biyu kuma ya sa a gaba. Ɗaya a Yogya, nan kusa, ka je da safe ka dawo ka ci abincin yamma a gida. Ɗaya a Jakarta, tafiyar yini guda a jirgin ƙasa. Kowacce ta ce mai nema ya turo gajeren fim a kan wani ɗan gidansu. A gidansu na garin Solo kuwa daga shi sai mahaifiyarsa, Ibu Sumarni.

Ita fa malamar wasan kwaikwayo ce a sakandare, ga takardar digirinta can rataye kusa da kalanda, hayaƙin girki ya dafe gilashin. Tun da ta yi ritaya ɗalibanta suka koma mutum ɗaya. Ta gyara masa tafiya, ta gyara masa zama, hamma ma sai ta ce bai iya ba. Galih yana son fim, ba ƙarya, amma son ya ga ya yi nisa da wannan gyare-gyaren ya fi ƙarfi.

Kullum suna aiki wayarta na jingine da tukunyar shinkafa.

"Innarka ce ta Semarang a kiran bidiyo, tana son ta riƙa ganinmu," ta ce.

Innar nan da ba ta barin wani ya sa baki in tana zance, ko tari bai taɓa jin ta yi ba. Ya ce ƙila sabis ne babu, yakan dai ɗaga mata hannu.

Aiki kuwa ya sha wuya! Rannan yana ja da baya da kyamara ya zauna daram cikin bokitin wanke-wanke, ya gurɗe ƙafa. Wata rana zanensa, irin wanda mazan garin ke ɗaurawa, ya kwance a tsakiyar ɗauka, ya rasa wanne zai tare, zanen ko kyamarar. Da Ibu ta fita kasuwa ta manta wayarta, sai ya ɗauki kwalbar miyar barkono ya rungume, ya tsaya gaban firij yana jawabin karɓar kyauta, yana gode wa duniya har da hawaye.

Ita kuma ga tambaya. Yaushe za a rufe karɓa? Tsawon fim ɗin fa, suna da iyaka? Ta ina ake turawa? Ya riƙa amsawa a gajarce, yana cewa a ransa saura kaɗan.

Duka makarantun suka kira shi ganawa. A Yogya an yi masa tambayoyi fuska a murtuke. A Jakarta kuwa yana shiga malaman suka kalli juna, wata ta toshe baki da gyale, wani mai furfura ya ce, "A'a, Galih! Yaya ƙafar?" Ya fito kansa ya kumbura. Mutane masu lura ke nan, ɗingishin da shi kansa ya daina ji sun gano!

Duka biyun suka ɗauke shi. Bai yi wani dogon tunani ba.

Ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, ya kifa goshi a gwiwarta yadda ake neman albarka, ya shirya wa kuka da rarrashi.

"Ibu, Jakarta na zaɓa."

"Ka tabbata? Ba za ka canza ba?"

"Na tabbata."

"Madalla. Ni ma ita na fi so."

Ko ɗigon hawaye babu. Wallahi sai da abin ya ɗan sosa masa rai. Amma da ya ga ta fara raba wa maƙwabta tukwanen furanninta, har da kejin tsuntsunta, sai tausayi ya kama shi. Baiwar Allah, baƙin ciki ne take ɓoyewa.

Ranar farko a Jakarta ya shiga zauren makaranta, ya baje a kujera, ya yi hamma baki wangale, ba wanda ya ce masa kanzil. Daɗi kamar ya kashe shi.

Malamin nan mai furfura ya hau dandamali ya ce al'adarsu ce a buɗe shekara da fim ɗin da ya fi kowanne kyau cikin na sababbin ɗalibai. Galih ya gyara wuyan riga. Aka kashe fitilu.

Kicin ɗinsu ne ya bayyana, tabbas. Sai dai daga ƙasa aka ɗauko shi, gefen tukunyar shinkafa ya leƙo a kusurwa. Ga Galih cikin bokiti. Ga Galih yana kokawa da zani. Ga shi rungume da kwalbar barkono yana kuka. Zaure ya kece da dariya, wani har buga kujera yake. Galih ya nutse a mazauninsa yana zufa. Inna ta Semarang! Ashe haka za ta ci amanarsa?

Fitilu suka dawo, aka yi ta tafi. Malamin ya ce, "Wadda ta shirya shi 'yar ajinku ce, ta fito mu gan ta."

Ƙanshin soyayyen tempe ya bugo daga kujerar bayansa, aka miƙo masa kular abinci ta saman kafaɗa.

"Riƙe min wannan, Galih, ana kirana. Kuma ka gyara zamanka."