Tsohuwar da Ta Yi wa Sola Inuwa

Kai da kake shirin kai wa iyayenka kayan zamani ƙauye, tsaya ka ji wannan tukuna. An yi wata tsohuwa a wata unguwa ta bayan gari, mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata duk aure ya kwashe su, ɗanta namiji tilo kuma yana aikin gini a birni. Ita kaɗai ce a gidan, sai akuya ɗaya da kaji. Da ɗan ya zo ganin gida, ya zo mata da farantin sola da batir da ƙwan fitila da 'yar waya. Ya ɗaure farantin a kan rumfar tsakar gida, ya nuna mata inda za ta riƙa soka wayar ta sha caji, ya ce kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci zai kira ta. Ya gargaɗe ta kada ruwa ya taɓa batirin, kada ta taɓa wayoyin wuta da jiƙaƙƙen hannu. Abu ɗaya ne bai faɗa ba, don a ganinsa ko jariri ya san shi: farantin nan rana ce abincinsa. Juma'a uku tana jin muryar ɗanta, har ta ishi matan bakin rijiya da labari. Ran nan da tsakar rana ta miƙa hannu ta shafa farantin, ta ji shi zau kamar tanda. Ita tun tasowarta abin da ake so ba a barinsa a rana, ko ɗan akuya ne jan shi ake yi inuwa, balle kayan da ɗanta ya saya da guminsa. Ta ɗauko tabarma ta lulluɓe shi ruf, ta danne da duwatsu. Batirin kuwa da sauran wuta a cikinsa, fitila ta ci gaba da kamawa har kwana uku, sai ta ƙara yarda dabararta ta yi.

Daga nan fitila ta mutu, waya ta yi shiru. Kullum tana soka ta inda aka nuna mata, ran Juma'a ta ɗora ta a cinya ta zauna tun azahar har kaji su shiga akurki. Ba ta gaya wa kowa ba, don kunyar bakin da ta cika a rijiya. Kewa ta dame ta, kewar ta koma fushi, ta riƙa ce wa akuyarta birni ya cinye mata ɗa. Haka aka shafe wata biyu, sai guguwar farkon damina ta yi awon gaba da tabarmar. Kafin ta samo wata, wayar ta farfaɗo tana ta ƙara. Ta kai wa maƙwabciyarta, aka buɗe mata saƙonnin murya har guda tara. A na ƙarshe ɗan yana cewa: "Inna, na kira har na gaji. An ɗauke mu aiki can ƙetaren hamada, shekara biyu, kuma an ce wurin waya ba ta shiga. Gobe za mu tashi. Na so in ji kin sa mini albarka da bakinki." Saƙon ya kwana ashirin. Ta sa aka kira lambar, ba ta shiga ba. Ta koma gida ta zauna ƙarƙashin rumfar, ta kara wayar a bakinta tana ta sa albarka, babu mai cewa amin sai ita. Duk Juma'o'in nan muryar ɗanta na bakin ƙofa, ita da hannunta ta rufe, kuma don ƙauna ta rufe. Shi ya sa Hausawa suka ce: rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.