Zanen da Ke Ninke Kansa

Kai da kake cewa aikin nan za ka iya shi kai kaɗai, tsaya ka ji wannan kafin ka sallami kowa, don ni dai hankalina bai kwanta ba.

A bakin babban tafkin nan na wajen Yawuri, an yi wani mai kwalekwale da ƙanensa. Jirgin gadon ubansu ne, da shi suke haye da albasar mutane zuwa kasuwar tsallake. Ba su da inji. Zane gare su babba, wanda aka ɗinka da buhuna aka ɗaure a jikin doguwar gora, iska ta cika shi ta tura su. Ɗaga zanen ba wuya, sauke shi ne aiki, don sai mutum biyu. Wan yana baya riƙe da tuƙi yana sassauta igiya, ƙanen yana tsaye a tsakiya yana tarbar zanen, yana ninke shi falle kan falle kamar mace na jera zannuwa a akwati, sannan ya ɗaure. To, abin da ke cin ran wan ke nan. Shi ke karanta iska, shi ya san inda kututturan itatuwa suke laɓe a ƙarƙashin ruwa, amma in an dawo sai a raba abin da aka samu biyu da mutumin da, a ganinsa, ninkin tsumma kawai ya iya.

Ana nan, wani baƙo da suka ɗauka ya nuna masa a waya jiragen masu yawon shan iska a teku, inda mutum ɗaya zai saki igiya, zane ya zubo ya ninke kansa tsaf. Tun daga ranar maganar ta zauna masa a zuciya. Ya sa mai walda ya yi masa zobba, ya ɗinke su a jikin zanen jeri-jeri, ya zura igiyar rama ta cikinsu tun daga sama har ƙasa. Ya gwada a bakin kwata inda jirage ke tsayawa, rana tsaka, zane a bushe, ruwa kwance kamar faranti. Ya saki, zanen ya sulalo ya kwanta kan kansa. Mutane suka taru suna mamaki, shi ko sai ɗagawa yake yana sakewa. Ƙanen ya shafa igiyar ya ce, "Yaya, ka gwada shi a jiƙe kuwa?" Wan ya yi dariya ya ce wa jama'a su ji mai tsoron rasa abinci. Ya juyo ya ce, "Igiya ba ta neman kaso, ba ta kuma mayar da magana." Washegari ƙanen ya ɗaure kayansa ya yi kudu neman dako.

Rani guda abin ya yi wa wan yadda yake so, har wasu suka fara zuwa kwaikwayo. Sai ruwan fari ya riske shi a tsakiyar tafki da la'asar, jirgi danƙare da albasa. Yayyafi ya fara jiƙa komai, iska ta biyo baya da ƙarfi. Ya saki igiya kamar kullum, zanen ya sauko rabi ya cije. Ramar ta sha ruwa ta kumbura a cikin zobban, ba gaba ba baya, zanen ya yi tumbi yana kwasar iska da ruwa. Taku kaɗan ne tsakaninsa da inda ya maƙale, hannu ɗaya ya ishe shi ya fizgo shi. Amma in ya saki tuƙi jirgi zai ba igiyar ruwa gefe, in bai saki ba iska za ta kayar da shi. Bai san lokacin da bakinsa ya kira sunan ƙanensa ba. Ba mai amsawa. Ya saki tuƙin ya yi gaba, kafin ya kai jirgin ya juya ya kife, iska ta ja shi ta raba shi biyu a kan kututturan nan da yake taƙamar ya san wurinsu. Masunta ne suka tsamo wan, albasar mutane na yawo a kan ruwa.

Labari ya kai wa ƙanen a kudu. Ya aiko da Allah ya kiyaye gaba, bai zo ba.

Yanzu wan nan yana jirgin wani, a tsakiya yake tsayawa, yana tarbar zane yana ninkewa falle kan falle, da furfurarsa. Rannan ma yana ji mai jirgin na tambayar wani ko igiyar roba ba za ta fi rama ba, wai ya gaji da raba abin da ya samu. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tuna amsar da ake ba mai ninki, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da ɗaurinsa.

Ka ji dai. Ba a banza magabata suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka ba.