Birkin Tsohuwar Moris

"Taka!" ya ɗaga murya daga ƙarƙashin tsohuwar motarsa Moris, sifana a hannu.

Ba a taka ba.

Shekara ashirin haka suke gyaran birki a garejin gidansu na Ƙofar Guga. Shi yana kwance a kan buhu yana sassauta noti don iskar da ta shiga man birki ta fita, matarsa kuma tana kujerar direba tana takawa. Ba ta taɓa tuƙi ba, amma ƙafarta ta fi ta bakanike sanin birki ya kama.

Bana kuɗin Udoji na ƙarin albashi sun sauka, maƙwabta sun sayi Fijo sabuwa fil.

"Malam, a sallami akwalar nan mana," in ji su.

Murmushi kawai yake yi. Ba su san tun ciwon da matarsa ta yi bara ta daina gane shi ba. Kullum takan gaishe shi kamar baƙo, ta tambaye shi wa yake nema. Yau ma da lallashi ya zaunar da ita.

"Taka!" ya sake cewa.

Sai ga mai ya tsarto, ya ɓata masa gemu.

"Na taka, Maigida! Ka cika mani kunne, kamar ranar da muka kusa faɗawa rafi a hanyar Jibiya."

Ya lumshe ido. Motar ko inji babu, tuni ya sayar ya saya wa matarsa magani.

"Sake takawa," ya ce. "Da sauran iska."