Fasfon Mama a Motar Haya

Auta ya sauke tsohuwarsa a ƙofar filin jirgi, ya zaunar da ita a keken guragu, ya danƙa ta ga ma'aikaciyar da ke tura marasa ƙarfi. "Mama, minti goma, in mayar da motar haya." Ko waiwaye bai yi ba. Kar ku ce ni na faɗa, amma shi da matarsa sun ƙosa ta koma gidanta.

Yana miƙa makulli, sai ma'aikaciyar ta bugo waya: babu fasfo a jakar Mama. Ya ɗora laifin a kansa, don shi ya haɗa kayan a gurguje. Shi da mai karɓar mota suka birkice ta kaf, can suka zaƙulo shi a lungun kujerar baya. Kafin ya dawo jirgi ya tashi.

Ya durƙusa gaban keken, ido jajur. "Mama, ki yafe mini, sakacina ne."

Tsohuwa ta dubi fasfon, ta sunkuyar da kai. "Har can suka duba? Da ƙyar fa na cusa shi. Gidan nan nawa, ɗan nan, ko mai miƙo mini ruwa babu."